Faɗin Dogo da Faɗin Jirgi

Mai nazarin Hausa zai yi kyau ya rarrabe tsakanin "dogo", wato ƙarafan da ake shimfiɗawa, da "jirgin ƙasa", wanda ke gudu a kansu. Kowanne yana da faɗinsa.

A Landan tazarar dogo ɗaya ce a duk layukan ƙarƙashin ƙasa, milimita 1435, amma jiragen ba su zo ɗaya ba. Layin Metropolitan na 1863, rami aka haƙa daga sama aka rufe, don haka jiragensa suka sami sarari. Waɗanda aka fara buɗewa daga 1890 kuwa, huda ƙasa aka yi can ciki kamar ramin gafiya, dole jirgi ya tsuke.

Ga Bahaushen Camba a ƙasar Togo, dogon kansa ne abin dubawa. Jamusawa sun shimfiɗa layi mai faɗin mita 1 daga Lome zuwa Atakpame, Faransawa suka kai shi Bilita a 1934. Nan ya tsaya, bai isa Sokode ba, balle Dapango. Wanda Turawan Ingila suka kai Kano a 1911 kuwa, milimita 1067 ne. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba, amma ko da an sada layukan biyu, jirgin Lome ba zai hau dogon Kano ba. Alhali tun kafin zuwan Bature, fatake ke ratsa wannan yanki da jakunansu daga Kano zuwa Gwanja, neman goro.