Wa Ya Cancanci Ƙyallen Kyaftin?

A daminar bara muna kwashe tarkace a ɗakin ajiyar kayan wasanni na makarantar da muke koyarwa a ƙasar Kazaure, sai muka ci karo da wani faffaɗan katako mai mariƙi, gara ta cinye gefensa. Yara suka yi ta musu, wannan ya ce muciya ce, wancan ya ce abin tuƙa kwalekwale ne a dam. Muka ce musu sandar wasan kurket ce. Suka yi dariya, don tun daga Roni har Babura babu wanda ya taɓa ganin an buga shi. Mu kam ba mu yi dariya ba, saboda katakon nan ya tono mana wani abin kunya da za mu faɗa nan gaba.

Mai karatu ya sani kurket ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, Turawa sun koya wa ɗalibai shi tare da wasan fayis, kuma Sardauna Ahmadu Bello na cikin waɗanda suka buga. A Kudu kuwa tun 1904 Legas ta kara da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Abin da ya bambanta wasan da ƙwallon ƙafa shi ne nauyin da ke kan kyaftin. Shi ke zaɓen wanda zai jefa ƙwallo, shi ke tsayar da kowane ɗan wasa a inda zai tare, kuma a babban wasa sai a kwana biyar ana fafatawa, duk shawara a wuyansa. Kusan kamar matsayin ruwa ne a langa, idan ya faɗi kowa ya faɗi.

To, saboda girman kujerar, sai manya suka hana talaka hawanta. A Ingila 'yan wasa kashi biyu ne a da: 'ya'yan masu hali da ke buga wasan don nishaɗi, da waɗanda ake biya don su ci abinci. Ɗakin sauya kaya daban, wani wurin har ƙofar shiga fili daban. Sai a 1952 aka miƙa ragamar ƙungiyar ƙasar ga Len Hutton, ɗan talakawan Yorkshire da ke karɓar albashi.

Labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na tsibiran West Indies. Tun da suka shiga manyan wasanni a 1928, baƙaƙen fata ke cin wasa, farar fata ke riƙe da shugabanci. George Headley, gwanin zamaninsa, wasa ɗaya tal aka ba shi ya jagoranta a 1948. Wanda ya karya wannan al'ada kuwa, ya ku 'yan'uwa marubuta, ɗan'uwanku ne mai alƙalami. C.L.R. James, editan jaridar The Nation a Trinidad, ya dinga rubutu mako bayan mako yana neman a ba Frank Worrell kyaftin, har hukumar wasan ta sakko. Worrell ya ja ƙungiyar zuwa Ostareliya a 1960, suka yi kunnen doki mai tarihi a Brisbane. Ba su ci jerin wasannin ba, amma ranar tafiyarsu mutanen Melbourne sun cika tituna suna yi musu ban kwana. A kan tubalin da ya aza ne Clive Lloyd ya ɗauko Kofin Duniya a 1975 da 1979. Afirka ta Kudu ma ta daɗe kafin ta bi sahu, ga shi a 2025 Temba Bavuma ya ɗaga kofin gasar manyan wasanni ta duniya a filin Lord's na Landan. Mu a gida, Sylvester Okpe ne ya jagoranci matasanmu 'yan ƙasa da shekara 19 zuwa Kofin Duniya a 2020, karo na farko a tarihinmu.

Yanzu ga abin kunyar. Shekaru shida da suka wuce mu ne malamin wasanni, aka ce mu fitar da kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Akwai wani yaro daga wani ƙauye a yankin Gwiwa, kullum a kan tsohon keke yake zuwa, ranar kasuwa kuma yana taya mahaifinsa sayar da awaki. Ba shi da surutu, amma in ya ɗaga hannu a fili sauran goman sun san inda za su tsaya. Akwai kuma ɗan wani babban mutum, yaron kirki ne, ba mu da abin faɗa a kansa, sai dai ƙafarsa da ƙwallo ba sa ga maciji. Mahaifinsa ne ya saya wa ƙungiyar riguna. Aka kira mu ofis aka ce, “Malam, ka dai san yadda ake yi.” Muka ce, “Ranka ya daɗe, mun sani.” Iyakar gardamar da muka yi ke nan.

Da muka ɗaura wa ɗan babban mutumin ƙyallen, yaron Gwiwa ne ya fara tafawa. Wallahi da ya ɓata rai da ya fi mana sauƙi. A fili kuwa yara suka ci gaba da duban hannunsa, shi kansa mai ƙyallen shi yake waiwaya ya tambaya. James yana da hukumar ƙasashe a gabansa ya yi magana, mu ofis ɗaya ne da riguna sha ɗaya, muka sunkuyar da kai. Sa'annan mu ne a aji muke koyar da Magana Jari Ce, muna jinjina wa aku don ya iya gaya wa sarki gaskiya!

Bana da aka sake ɗora mana aikin, mun raba wa yaran takardu muka ce kowa ya rubuta sunan wanda yake so, aka ƙirga a gabansu ƙarƙashin darbejiya. An sake kiranmu ofis, maganar ba ta mutu ba tukuna. Yaron Gwiwa kuwa mun haɗu da shi kwanan baya a tashar Kazaure yana lodin mota zuwa Daura. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya karɓi jakarmu, ya kuma hana mu biyan kuɗin mota.