Gubar da babu wanda ya zuba

Ina aji shida na sakandare lokacin da aladen Mama ta haifi 'ya'ya goma sha ɗaya. A gidanmu, can wajen Kafanchan, alade shi ne asusu. Idan 'ya'yan suka yi ƙwari sai a kai su kasuwar Katsit, da kuɗin ake biya mana makaranta. Wannan karon tun cikin bai tsufa ba Mama ta gama rabon kuɗin a ranta: kaza na jarrabawata ta WAEC, kaza na JAMB, abin da ya rage na takin gona.

Ranar farko lafiya lau, suna ta turereniya wajen nono. Washegari da sassafe na je kai dusa, na tarar da biyu kwance a gefe, jikinsu ya yi sanyi, bayansu ya ɓaci da zawo mai jini. Kafin rana ta take sun mutu. Zuwa kwana na uku mun binne tara. Biyun da suka rage suka tsumbure, ba su taɓa yin girman kirki ba. Uwar kuwa ko tari ba ta yi ba, tana cin abincinta kamar kullum.

Mama ta sa wuƙa ta buɗe cikin ɗaya daga cikin matattun. Hanjin ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Ta dube ni ta ce, "Wannan guba ce." Sati ɗaya kafin nan sun yi cacar baki da maƙwabcinmu a kan aladen ta shiga masa rogo. Ba ta je ta tuhume shi ba, amma daga ranar gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu. Jarrabawar da bashin kawuna na rubuta ta, kuma ni ma na riƙe dattijon nan a zuci.

Yanzu ina aji uku a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A zangon da ya wuce malaminmu na darasin ƙwayoyin cuta ya haska mana hoton hanjin ɗan alade a bango. Gabana ya faɗi, domin shi ne sak abin da na gani a bayan ɗakinmu.

Ƙwayar cutar sunanta kulostiridiyam, kuma nau'in da ake kira C shi ne mai wannan ɓarna. Tana zaune a cikin ƙasa da kuma hanjin uwar ba tare da ta cutar da ita ba, tana fitowa a cikin kashinta. Idan ta fito sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri wanda zafin rana da yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashewa, ta daɗe tana jira. Jaririn alade yana faɗowa zai fara laluben nono a kan daɓe, ya haɗiye ta tare da dattin da ke jikin uwar. A ƙaramin hanjinsa take hayayyafa, ta saki dafi mai cinye bangon hanjin. Babban alade yana da wani ruwan narkar da abinci mai suna tirifsin da ke lalata wannan dafin. Jariri kuwa nasa kaɗan ne, shi ya sa cutar ta fi kisa a satin farko. Ashe Mama ba ta yi kuskure ba da ta ce guba ce. Sai dai a cikin hanjin aka haɗa ta, babu hannun kowa.

Na tambayi malamin wane magani ya kamata mu ba su a ranar. Ya ce idan jini ya riga ya bayyana, da wuya magani ya cim ma ɗan alade. Wanda ake nema ya ceta, uwarsa ake yi wa allura tun yana ciki.

Alade tana ɗaukar ciki kwana 114, wato wata uku da sati uku da kwana uku. Idan ba a taɓa yi mata rigakafin ba, ana yi sau biyu: wajen sati shida kafin haihuwa, sannan a maimaita saura sati biyu zuwa uku. A kowane ciki na gaba sau ɗaya ya isa. Jikinta zai haɗa garkuwa ya tara ta a cikin dakashi, nonon farko mai kauri. Ɗan alade ba ya samun garkuwa ta mabiyiya, haka ake haifarsa tsirara a gaban cuta, kuma hanjinsa a yinin farko kawai yake iya tsotse garkuwar zuwa jini. Saboda haka dole mai kiwo ya tsaya a wurin haihuwa, ya ɗauki ƙananan da manya suka ture ya ɗora su a kan nono da hannunsa.

Sauran aikin na tsintsiya ne da sabulu. A kwashe kashi, a wanke ɗakin haihuwa a bar shi ya bushe, a wanke cikin uwar da nonuwanta kafin ta shiga, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa. A lokacin hunturu a toshe iska, domin jaririn da sanyi ya kama ba ya iya tsotso. Allurar kuma jami'in lafiyar dabbobi ne zai yi, don sai an ajiye ta cikin sanyi take aiki.

Na san da yawa daga cikinku ba a kiwon alade a gidajenku. Amma dangin wannan ƙwayar suna bayan ɗakin kowa. Nau'in D shi ne ke kashe ƙosasshen rago farat ɗaya idan aka ƙara masa hatsi da yawa a lokaci guda, kuma shi ma yana da rigakafi. Allurar tetanus da ake yi wa iyayenmu mata a wurin awon ciki ita ma dabarar ɗaya ce: a kare jariri ta hanyar uwarsa.

Da na je hutu na zaunar da Mama na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta yi shiru tana tsince wake. Can ta ce, "Yanzu kana nufin shekara huɗu ina gaba da bawan Allah a kan dattin ɗakina?"

Na ce, "Mama, ba ki sani ba ne. Ni ma ban sani ba."

Da safe na ga ta ɗaura zane ta nufi gidansa, ta ce in biyo ta. Na durƙusa na gaishe shi, kunya ta hana ni ɗaga kai. Shi kuwa tambayata ya yi ta yi yaya karatu.

Aladen da muke da ita yanzu an yi mata allurar sau biyu. Ta haifi tara a watan jiya, ƙanwata ce ta kwana a wurin tana ɗora su a nono, kuma duk suna nan. Ita ce za ta rubuta WAEC bana.