Hoton bado da hoton raƙumin dawa

Idan shamuwa ta dawo ta fara gyaran sheƙa bisa itatuwan gari, kowa ya san damina ta kusa. Ruwa biyu ko uku ya isa ya sake kamannin daji. Inda dā rairayi ne kawai, sai tsaida ta shimfiɗu da ƴan furanninta rawaya. Tafasa ta tashi a bakin hanya. Duman kada ya malala kusa da tabki. Gawo kaɗai ke yin nasa dabam: sa'ad da kowane icce ke sa sabon ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa.

A wani ƙauye na ƙasar Dakoro akwai wata yarinya ƴar aji biyar mai son ɗaukar hoton waɗannan abubuwa. Kawunta ma'aikacin gandun daji ne. Da hutun damina yakan ara mata salularsa, ta fita bayan gari tare da ƙanenta.

Furen bado ne ya fi ba ta wahala. A watan Agusta tabki ya cika, bado ya rufe ruwa. Amma furensa ba ya jiran mai barci. Da dare yake buɗewa, in hantsi ya ɗaga sai ya rufe. Saboda haka sai ta yi sammako. Takan juya wa rana baya, don haske ya faɗa kan furen. Takan durƙusa a bakin ruwa, ta riƙe salula da hannu biyu, ta jira iska ta kwanta. In ta danna lokacin da furen ke rawa, hoton ba ya fita sosai.

Dabbobi kuma kowace da halinta. Hawainiya ba ta da wuya, don tafiyarta kamar ba ta so. Yara da yawa suna tsoronta, alhali ba ta da dafi. Kurege kuwa da ya ji motsi sai rami. Wanda ya bi shi da gudu, hoton ƙura kawai zai samu. Yarinyar ta zauna gindin aduwa, ba magana, ba motsi, har kurege ya fito ya tsaya bisa ƙafafunsa na baya.

Da marece takan nuna wa kakarta hotunan. Tsohuwa ta kawo ido kusa ta ce: "Wannan mai farin fure gasaya ce, ana kwaɗonta. Wannan yaɗiya ce. Wannan kuwa tumfafiya, kada ki bari nononta ya shiga miki ido."

Wata rana kawun ya ce mata: "Ɗiyata, samo littafi. Kowane hoto ki rubuta sunan abin, da ranar, da wurin da kika gan shi."

Ta ce: "Don me, Kawu? Ai ga hoton, kowa yana gani."

Ya ce: "Zauna in ba ki labarin raƙumin dawa."

Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai ya saura. Mazauninsa wajen Kure ne, kamar kilomita 60 daga Yamai. Fari da farauta da saran daji sun kusa ƙarar da shi: a 1996 guda 49 kawai aka ƙirga. Sai hukuma da mutanen ƙauyukan wurin suka haɗa kai suka kare shi. Zuwa 2017 sun haura 600.

To, yaya aka san yawansu, ga su suna yawo cikin daji da gonaki? Da hoto aka sani. Zanen jikin kowane raƙumin dawa dabam yake da na ɗan'uwansa, kamar yadda zanen yatsan mutane ya bambanta. Masu ƙirga sukan fita da damina, su ɗauki hoton kowane ɗaya ta dama da ta hagu, su rubuta rana da wuri. Sa'an nan su gwada da hotunan bara. Ta haka ba a ƙirga ɗaya sau biyu. Ta haka kuma ake gane wadda ta haihu, da wanda aka daina gani.

A 2018 aka ɗauki takwas daga cikinsu a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su, aka kai su gandun dajin Gadabeji, arewa da Dakoro. Dā can akwai su a wurin, amma sun ɓace tun shekarun 1970.

Yarinyar ta ce: "Kawu, in na ga raƙumin dawa, yaya zan yi?"

Ya ce: "Ki tsaya nesa, kada ki yi hayaniya. Ki ɗauki gefe guda, ki yi haƙuri har ya juya, ki ɗauki ɗayan."

Ba ta riga ta je Gadabeji ba. Amma ta samo littafi mai shafi 32, ta rubuta sunayen da Hausa da Faransanci, inda malaminta ya san na Faransancin. Shafin gawo ta bar shi fili, don sai bayan an yi girbi zai yi fure.