Kwana ɗaya a fadamar Baturiya

Sanyin Janairu ne ya tashe ni a Haɗeja tun kafin kiran assalatu. Daga sallah sai hanyar Kirikasamma, zuwa Baturiya, dausayin da na daɗe ina jin labarinsa daga Kano ban taɓa taka shi ba.

Wani dattijon masunci ne ya ɗauke ni a kwalekwale. Hazo ya lulluɓe ruwa, gabaruwa ta tsaya a cikinsa har gwiwa, goruba kuma ta jeru a kan tudu. Ya ce, "Malam, ajiye wayar nan tukuna, ka buɗe kunne." Sai ga fito siriri daga ko'ina: kirinjijiya ce garke guda. Can gefe wani zalɓe ya kafe a ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe. Na ɗauki minti biyar ina kallonsa bai motsa ba, sai farat ɗaya ya caki ruwa ya ɗago da ɗan karfasa yana wutsil-wutsil a baki. Dinya biyu suka wuce ta kanmu, ana jin ƙarar fukafukinsu.

Wasu ƙananan agwagi da muka tarar baƙi ne irina, amma nasu nisan ya fi nawa. Daga Turai suke gudowa saboda hunturu, su ƙetare Sahara, su sauka nan su yi watanni. Suna cikin dalilan da suka sa aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa.

Da rana ta ɗaga ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Muka karya kwana, hanya ta toshe da ciyawar kacala, ta fi mutum tsawo, ba masaka tsinke. Na ce, "Baba, da ma haka wurin yake?" Ya girgiza kai, ya ce yana yaro nan gonar shinkafa ce. A da ruwa kan zo da damina ya malale, da rani ya janye, ƙasa ta bushe, ciyawa ta mutu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai kogin da ke kawo ruwa fadamar ya rage cika kuma ya daina ƙafewa. Kacala ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, tsuntsayen jan baki suka yi sheƙa a cikinta suna cinye gero da shinkafa. Ya nuna mini wata 'yar hanya da mutanen gari suka sare da aikin gayya, da lauje, ruwa har ƙirji. Tafin hannunsa duk tabon yanka ne.

Na yi shiru, domin ruwan famfon da nake alwala da shi a Kano daga madatsun nan yake fitowa.

Da la'asar tsuntsaye suka dawo kwana, gabaruwa ta yi fari fat da balbela. Ina roƙon hukumomin da ke riƙe da ƙofofin Tiga da Challawa su zo su shiga kwalekwalen nan kafin su tsara sakin ruwan baɗi.