Gatan Da Ya Kusa Kashe Mini Doki

Ni mutumin Jekadafari ne a cikin garin Gombe, kuma daga abin da mahaifina ya bar mini, Allah ya jiƙansa, har da wani doki akawal. Da Babbar Sallar shekarar 2019 ta gabato, sai na ƙudura cewa ba za a ga dokin da ya fi nawa sheƙi a ƙofar fadar Sarkin Gombe ba. Na shiga ɗura masa dawa da dusa safe da yamma, ga ɗanyar ciyawar damina, alhali kuwa yana turke, ba ya motsa jiki.

Ana sauran kwana biyar Sallah, da asuba, na tarar da shi ya miƙe ƙafafun gaba, ya jingina nauyinsa a kan na baya, ya ƙi takawa. Na taɓa kofato, na ji zafi rau.

Na kira wani dattijo mai yankan kofato, abokin marigayi. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Ɗana, mene kake ba shi?" Na faɗa masa. Ya ce, "To, ai hatsi ne ya sauka ƙafa." Na ce, "Baba, zai hau Sallah kuwa?" Ya ce, "Roƙi Allah ya tsaya da ƙafarsa tukuna."

Likitan dabbobi ya yi mini bayani. A cikin kofato akwai wani ƙashi da siraran tantani ke riƙe da shi. Idan hatsi ya yi yawa, tantanin ya kumbura ya saki, sai ƙashin ya karkato ƙasa, watakila har ya huda tafin. Wannan ciwo ne ya sa aka kashe Secretariat, shahararren dokin sukuwar Amurka, a 1989.

Muka janye hatsi, muka koma busasshiyar ciyawa. Muka tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, muka zuba yashi mai laushi a barga, likita ya ba da maganin raɗaɗi. Bayan zafin ya lafa, Baba ya riƙa zuwa kowane mako huɗu. Yakan rage gaban kofaton don kada ya riƙa ɓamɓaruwa in an taka, ya sassabe dunduniya kaɗan-kaɗan, bai taɓa kankare tafin ba. Kofato ba ya son gaggawa: tsawon da yake ƙarawa a wata bai cika wuce santimita 1 ba, sai kusan shekara ake samun sabo.

Ranar Sallah a ƙasa na yi kallo, ina jin algaita, kunya ta ishe ni. Akawal ya warke, amma har yau ba na yi masa sukuwa.

Jama'a masu dawaki, ƙiba ba lafiya ba ce. Kafin ka duba sirdi, sunkuya ka taɓa kofato. Allah ya sa mu gane.