Jirgin Soso a Sararin Gure

Litinin
Kayan ƙanena sun iso a motar Damagaram, asalinsu daga kasuwar Sabon Gari ta Kano: ƙaramin inji da farfela, batir, rediyon tuƙi, da ƙananan sarbo huɗu masu motsa bindi da gefen fiffike. Da kuɗin gyaran salula ya saye su. Gangar jirgin kuwa ko dala ba ta ci ba. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ya fere da reza, ya soka masa tsinken gora, ya naɗe shi da salatif.

Talata
Gardama har la'asar tsakaninsa da abokinsa bakanike. Abokin ya dage a yi fiffike mai shimfiɗaɗɗen ciki, ya fi sauƙin tashi. Ƙanena ya ce sam, samansa da ƙasansa su zama ɗaya, in ba haka ba jirgi ba zai yi rigingine a iska ya zauna ba. Ni dai na ga abokin ya fi shi hankali, amma wanda ya biya kuɗin inji shi ke yanke magana. Suka gangaro kan Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota a Kano, wanda labarinsa ya bazu a 2007. Kowa ya ce hujjarsa ce.

Laraba
Hunturu ya taso, hazo ya rufe duwatsun Muniyo. Ba wanda ya fita.

Alhamis
Na sa ƙanena gaba muka je wurin mai unguwa, daga nan wurin jami'an tsaro. Garin da ke kan hanyar Diffa ba a sakin abu mai ƙugi a samansa ba tare da an sanar ba. Wani dattijo ya juya jirgin a hannu ya ce, "Ɗana, wannan har ya kai a zo neman izini?"

Juma'a
Bayan asuba, kafin iska ta farka, muka fita bayan gari. Ƙanena ya ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba. Bindi ya rinjaya. Ya tura batir gaba kaɗan kaɗan, sai da hanci ya ɗan sunkuya sannan ya ɗaure shi da roba. Mai nauyin hanci yana tashi ko da da ƙyar, in ji shi, mai nauyin bindi kuwa ba ya jin tuƙi.

Taya ba ta da amfani a rairayin nan, don haka bakanike ya fuskanci gabas ya cilla shi da hannu. Ya yi ƙasa kamar zai ci ƙasa, sai ya miƙe. Da ya yi sama sosai ƙanena ya ja sandar rediyo, jirgi ya wuntsila ya dawo daidai. Yara masu kiwo suka watsar da awaki suka sheƙo. Rigingine ma ya yi, na ɗan lokaci, hannun matuƙi na rawa.

"Yaya, ka gani?" Na ce na gani, ya sauke shi tun batir bai ƙare ba.

Asabar
Saukar jiya ta cika inji da yashi, an juya shi yana ƙaras-ƙaras. Suka hure shi da famfon keke, suka koma fili da hantsi, lokacin da iska ta riga ta yi ƙarfi. Aduwa ce ta tare jirgin, farfela ta karye, fiffike ya tsage. Gam ya ɗinke fiffiken kafin azahar. Bakanike ya kawo shawarar a ɗaga injin bisa fiffike, nesa da ƙasa, wannan karon kuma ba a yi masa musu ba. An ba direban Damagaram saƙon farfela biyu.