Daga Houston zuwa Austin, a Sawun Barbara Jordan

Unguwar Fifth Ward tana arewa maso gabas da tsakiyar birnin Houston, kuma ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo yawon buɗe ido. Daga can na faro tafiyata. Ƙananan gidajen katako ne, wasu an gyara su, wasu sun karkace, ga coci a kusan kowace kwana, ga layin dogo da babbar hanyar mota sun ratsa unguwar. A nan aka haifi Barbara Jordan a 1936, 'yar wani mai wa'azin cocin Baptist, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makaranta, a motar haya, har a famfon shan ruwa. Ta yi sakandaren Phillis Wheatley, ta wuce jami'ar Texas Southern, sannan ta tafi Boston ta karanto aikin lauya, ta gama a 1959. Da ta dawo gida ba ta da halin kama ofis, sai ta riƙa ganin masu neman lauya a kan teburin cin abincin iyayenta.

Yawancin waɗanda suka san sunanta, da jawabinta na 1974 suka san ta, lokacin da majalisar wakilan Amurka ke duba batun tsige Shugaba Richard Nixon. Ni kuwa abin da na zo bi shi ne shekaru shidan da ta yi a majalisar dattawan jihar Teksas, don a can ta koyi sana'ar.

Sau biyu ta nemi kujerar majalisar wakilan jihar, a 1962 da 1964, duka ta sha ƙasa. Ba a rasa masu zuwa sauraronta ba, domin tun tana ɗaliba ta yi suna a muhawara. Tsarin zaɓen ne ya kayar da ita. A lokacin, dukkan gundumar Harris, wadda Houston ke cikinta, ita ce ke jefa ƙuri'a a kan kowace kujera, saboda haka ko da mutanen unguwarta sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, ƙuri'un farare masu rinjaye sai su shanye nasu. A 1964 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Reynolds da Sims cewa dole mazaɓun majalisun jihohi su yi daidai da yawan jama'a. Aka sake shata mazaɓu, Houston ta sami ƙarin kujeru a majalisar dattawa, kuma a 1966 kotu ta soke harajin da Teksas ke karɓa kafin mutum ya yi zaɓe. A shekarar nan Jordan ta ci mazaɓa ta 11. Rabon baƙar fata da zama a wannan majalisa tun 1883.

Daga Houston zuwa Austin, babban birnin jihar, tafiyar kimanin kilomita 260 ce. Na bi hanya mai lamba 290, ta garin Brenham, tsakanin gonakin kiwon shanu masu shingen waya da ido ba ya ganin iyakarsu. Kana shiga tsakiyar Austin za ka hango ƙubbar majalisar, ginin jan dutse da aka kammala a 1888. A harabarsa har yau akwai abin tunawa da sojojin Kudu da suka yi yaƙi a ɓangaren masu riƙe da bayi, kuma sai a 2016 aka kafa na tarihin baƙaƙen fatar jihar. Ta wannan haraba Jordan ta shiga a Janairun 1967.

Zauren dattawan yana hawa na biyu. Tebura 31 ne na tsohon katako, da manyan zane-zane na yaƙin Alamo da na San Jacinto a bango. Hotonta ma yanzu yana rataye a can. Na hau wurin zaman 'yan kallo na daɗe ina duban teburan daga sama, ina tunanin mace ɗaya tilo, baƙar fata, mai shekara 30, a tsakiyar maza farare talatin, wasunsu sun gina siyasarsu a kan kare wariyar launin fata.

Sai mutum ya san yadda majalisar ke aiki kafin ya gane abin da ta yi. Zamanta na ƙa'ida kwana 140 ne kacal a cikin shekara biyu, albashin ɗan majalisa kuma a yau dala 600 ne a wata, don haka lokaci ƙanƙane ne, ƙudurori kuma jibge. A zamaninta, sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun yarda kafin a ɗauko ƙuduri a yi muhawara a kansa. Ma'ana, mutum 11 sun isa su kashe kowace doka, kuma mai son tasa ta wuce sai ya tara 21. A irin wannan lissafi ƙuri'a ɗaya tana da tsada. Jordan ta zauna ta haddace dokokin zauren, ta rage magana a farkon zuwanta, ta ƙulla hulɗa da tsofaffin 'yan mazan jiya da suka fi kowa sanin dabarun majalisa. Da haka ta taimaka aka samar wa Teksas dokar mafi ƙarancin albashi ta farko a 1969, aka kuma ƙara diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki. Waɗanda suka amfana su ne irin mutanen da na gani a Fifth Ward, masu wanki da guga da leburori.

Wannan salo ya jawo mata zargi. A 1971 tana cikin shugabannin kwamitin da ya shata sababbin mazaɓun majalisar tarayya, aka fito da mazaɓa ta 18 a Houston, wadda ita ce ta tsaya takara a cikinta. Curtis Graves, ɗan majalisar wakilan jihar, shi ma baƙar fata, ya kara da ita a zaɓen fid da gwani yana cewa ta sayar da kanta ga manyan jam'iyya. Ta kayar da shi da gagarumin rinjaye. Zargin ba banza ba ne, domin ɗan majalisa ya shata wa kansa mazaɓa abu ne da ya kamata a sa wa ido ko wane ne shi. Amma ni ina ganin da ta zaɓi tsayawa a gefe tana tofin Allah tsine, da masu wankin nan sun ƙara shekaru ba su ga dokar albashi ba.

Ranar 10 ga Yunin 1972, bisa al'adar majalisar dattawan jihar ta karrama mai riƙon shugabancinta, muƙamin da take riƙe da shi a lokacin, aka rantsar da ita gwamnar Teksas ta yini ɗaya. Mahaifinta ya zo bikin, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi a ranar, washegari ya rasu.

Da yamma na gangara maƙabartar jihar da ke gabashin birnin, inda aka binne ta bayan rasuwarta a Janairun 1996, baƙar mace ta farko da aka ba wuri a can. Daga 1979 har ƙarshen rayuwarta koyarwa ta yi a Jami'ar Teksas da ke Austin, tana fama da ciwon jijiyoyi da ya ɗora ta a keken guragu.

Aikinta da ya fi tsaya mini a rai ta yi shi ne a 1975, tana majalisar tarayya. Ta matsa sai da aka faɗaɗa dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta haɗa da Teksas da masu magana da Sifaniyanci, duk da adawar manyan jami'an jiharta. Daga nan, duk canjin da Teksas za ta yi a mazaɓu ko a ƙa'idar zaɓe sai gwamnatin tarayya ko kotun tarayya ta amince tukuna. Wadda taswirar mazaɓa ta kayar sau biyu ta san abin da take karewa. Tsarin ya yi shekara 38 yana aiki. A Yunin 2013 Kotun Ƙoli ta rushe ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance jihohin da za a sa wa ido, kuma a ranar da aka yanke hukuncin babban lauyan Teksas ya sanar cewa dokar tilasta nuna katin shaida mai hoto a rumfar zaɓe, wadda kotu ta dakatar a shekarar da ta gabata, za ta fara aiki nan take.